Yadda ƙaramar ƙungiyar kurket za ta shirya rangadin wasa zuwa tsibirin Vis

A ƙauyuka da unguwannin Ingila akwai dubban ƙungiyoyin kurket (wasan da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda) na 'yan dagaji, wato mutanen da kowannensu yake da sana'arsa, daga malamin makaranta da akawu zuwa direban tasi da ɗalibi, waɗanda ke haɗuwa ranar Asabar ko Lahadi su buga wasa ba tare da an biya su ko sisin kwabo ba. Kakar wasansu tana farawa a watan Afrilu ta ƙare a Satumba, kuma tsohuwar al'ada ce a wurinsu su ware 'yan kwanaki a shekara su tafi rangadi, su kwana a wani gari su kara da mutanensa. Wasu sukan tsallaka teku. Wannan jagora ta ɗauki tsibiri guda, Vis na ƙasar Kuroshiya, ta bi shirin tafiya zuwa can daki-daki, domin abin da ya shafi Vis ya shafi kusan kowane ƙaramin tsibiri da ba a isa gare shi sai ta ruwa.

Vis yana cikin Tekun Adiriyatik, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 90 ne, mazaunansa kuma ba su kai 4,000 ba, mafi yawansu a garuruwa biyu, Vis da Komiža. Alaƙarsa da kurket ta samo asali ne daga zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da sojojin ruwan Birtaniya suka mayar da shi sansaninsu. Kyaftin William Hoste, wanda ya ci rundunar jiragen Faransa da ƙawayenta da yaƙi a gaɓar tsibirin ranar 13 ga Maris 1811, ya ambata a wata wasiƙa da ya aika gida cewa sun kafa ƙungiyar kurket a wurin don rage zaman kaɗaici. Wasan ya mutu bayan tafiyarsu. Daga baya Yugoslabiya ta mayar da tsibirin sansanin soja, ta hana baƙi 'yan ƙasashen waje shiga har zuwa 1989. A 2002 ne mutanen tsibirin suka farfaɗo da wasan, suka sa wa ƙungiyarsu sunan Sir William Hoste, filinsu kuma yana Plisko Polje, a tsakiyar gonakin inabi, daura da inda sojojin ƙawance na Yaƙin Duniya na Biyu suka shimfiɗa filin jirgin sama a 1944.

Matakin farko: a nemi yardar masu gida kafin komai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙungiya ta zauna ta zaɓi ranakun da suka dace da hutun 'ya'yanta, ta sayi tikitin jirgin sama, sannan ta rubuta wa masu masaukinta. A tsibiri irin wannan abin yana tafiya ne a juye. Fili ɗaya ne, ƙungiya ɗaya ce, 'yan wasanta kuma manoma ne da masunta da masu gidajen abinci da masu saukar da baƙi, waɗanda lokacin da baƙi suka fi son zuwa shi ne lokacin da aiki ya fi shan kansu. Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka ranar da suka ce za su iya tara mutum goma sha ɗaya, ita ce ranar da za a ɗora sauran shiri a kanta.

Ya kamata wasiƙar farko ta tafi wata tara zuwa shekara guda kafin tafiyar. A faɗi sunan ƙungiya da garinta, da adadin mutanen da ake sa ran za su zo, da wasa nawa ake so, a kuma ba da zaɓin ƙarshen mako biyu ko uku. Abu mafi muhimmanci a wasiƙar shi ne faɗin gaskiya game da ƙarfin ƙungiyar. Idan akwai mutum biyu da ke buga gasa mai zafi a gida kuma jifansu yana da sauri, a faɗa. Idan rabin tawagar sun haura shekara hamsin, a faɗa. Masu gida sun saba karɓar baƙi iri-iri, kuma da wannan bayani ne za su san yadda za su haɗa tasu tawagar, ko su gayyato 'yan wasa daga Split, babban birnin da ke gaɓar Kuroshiya a tsallaken ruwa, su cike gurbi. A tambaye su kuɗin amfani da fili, da wanda zai kawo ƙwallo da alƙalin wasa, da ko akwai wata ƙungiyar baƙi da za ta zo a makon, domin hakan yakan ba da damar wasa na biyu da abokan karawa na daban. Duk abin da aka yarda a kai ya kasance a rubuce.

Game da lokaci, watannin Yuli da Agusta suna da zafi da cunkoson masu yawon buɗe ido da tsadar masauki. Mayu da farkon Yuni da Satumba sun fi sauƙi, a ganina kuma tsakiyar Satumba ta fi duka, tunda gasar gida ta kusa ƙarewa, jikin 'yan wasa ya saba da gudu, ruwan teku bai huce ba tukuna. Sai dai a tuna cewa lokacin girbin inabi ne, wanda ke iya ɗauke wasu daga cikin 'yan wasan masu gida, kuma wannan ma dalili ne na barin zaɓi a hannunsu.

Mataki na biyu: mutane da kuɗi

Ana buga kurket da mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, amma wanda ya tafi rangadi da goma sha ɗaya cif ya tafi da tara ne bai sani ba. Wani zai janye saura mako biyu saboda aiki ko haihuwa ko rasuwa, wani kuma jijiyar cinyarsa za ta ɗaure a wasan farko. Adadin da ya dace shi ne goma sha uku zuwa goma sha biyar. Idan aka wuce haka kuma wata matsalar ta taso, domin mutumin da ya biya kuɗin jirgi da masauki ba zai ji daɗin wuni a bakin fili yana miƙa ruwa ba. A cikin tawagar dole a sami aƙalla mutum biyu da za su iya tsayawa a bayan turaku (itatuwa uku da ake kafawa a bayan mai bugu) suna cafke ƙwallo, da masu jifa shida ko bakwai, da wanda ya iya riƙe littafin maki.

A naɗa mutum uku, kowa da aikinsa: jagoran tafiya mai hulɗa da masu gida da masauki, ma'aji, da kyaftin mai kula da abin da ke cikin fili kawai. Haɗa ayyukan nan a kan mutum ɗaya shi ke sa a dawo gida ana gaba da juna.

Sunan da ba a biya masa kafin alƙalami ba, kada a ƙirga shi. A taron ƙarshen kaka kowa yakan ɗaga hannu, amma hannu ba ya kama ɗaki. Ma'aji ya sa ranar rufe karɓar kashin farko, ya bayyana tun daga farko a rubuce cewa ba a mayar da shi sai an sami wanda zai maye gurbin mai janyewa. Lissafin a fili yake: idan an kama gidaje da motoci don mutum 14, sai biyu suka janye, kason kowane ɗaya daga cikin 12 da suka rage zai ƙaru da kashi ɗaya bisa shida. A raba kuɗin tafiyar kashi biyu. Na gamayya ya ƙunshi masauki, motoci, jirgin ruwa, kuɗin fili, ƙwallaye da kyautar masu gida, kuma shi ne ke shiga asusun ƙungiya. Tikitin jirgin sama kuwa kowa ya sayi nasa, amma bayan jagora ya faɗi takamaiman jirgin da za a hau. A ɗora kashi goma cikin ɗari a kan kuɗin gamayya don ɓacin rana, a mayar wa mutane abin da ya rage. Idan akwai ɗalibi ko matashin da aljihunsa bai kai ba, gara ƙungiya ta rage masa a asirce, domin sau da yawa shi ne kaɗai zai iya bin ƙwallo da gudu har bakin iyaka a rana ta uku.

Kuroshiya ta koma amfani da yuro tun ranar 1 ga Janairu 2023. Katin banki yana aiki a yawancin wurare, amma ma'aji ya riƙe tsabar kuɗi don ƙananan biyan da ake yi a bakin fili da cikin ƙauyuka.

Mataki na uku: fasfo da biza

A ranar da ta karɓi yuro ne kuma Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zirga-zirga a tsakaninsu da biza ɗaya. Mai fasfon Birtaniya ba ya buƙatar biza don zaman da bai wuce kwana 90 cikin kwana 180 ba, amma dole fasfon ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka gabata, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fita daga yankin. Ƙungiyoyin 'yan dagaji a Ingila cike suke da 'yan wasa masu fasfon Indiya, Pakistan, Bangaladesh, Siri Lanka ko Najeriya, kuma waɗannan duka sai da biza, ko da suna da takardar zama a Birtaniya. Jagora ya tambayi kowa irin fasfon da yake riƙe da shi tun ranar da aka rubuta sunaye. Ana iya neman bizar Shengen tun saura wata shida, kuɗinta yuro 90 ne ga baligi, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, amsa kuma takan fito cikin kwana 15, ko da yake tana iya kaiwa kwana 45. Abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar ganawa a cibiyar karɓar takardu. Wasiƙar gayyata daga ƙungiyar masu gida, mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da ranakun wasa, tana ƙarfafa takardun mai nema, don haka a roƙe ta da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na huɗu: jirgin ruwa shi ke yanke hukunci

Babu jirgin saman fasinja da ke sauka a Vis. Ana sauka ne a filin jirgin saman Split, tafiyar kimanin sa'a biyu da rabi daga Landan, kuma yawancin jiragen da ke zuwa kai tsaye daga Birtaniya na lokacin bazara ne kawai. Daga filin jirgi zuwa tashar jiragen ruwa a tsakiyar birnin akwai tafiyar fiye da kilomita 20, wadda cunkoso kan tsawaita. Daga nan akwai hanya biyu. Babban jirgin ruwa na kamfanin Jadrolinija yana ɗaukar mutane da motoci, yana kuma cin kusan sa'a biyu da minti ashirin. Ƙaramin jirgi mai sauri yana isa cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, amma ba ya ɗaukar mota, wurin kayansa kaɗan ne, kuma shi ne ake fara sokewa idan teku ta tashi.

Jiragen nan sau kaɗan suke tashi a rana, jadawalinsu kuma yana canzawa daga kaka zuwa kaka. Saboda haka a fara buɗe jadawalin jirgin ruwa na ainihin ranakun tafiya, sannan a nemi jirgin saman da zai sauka aƙalla sa'a huɗu kafin tashinsa. Sa'a huɗu za su yi kama da ɓata lokaci ga wanda bai taɓa jiran manyan jakunkuna goma sha huɗu a wurin karɓar kaya ba, bayan layin duba fasfo. Idan lissafin bai fita ba, a kwana a Split a tsallaka da safe; kuɗin kwana ɗaya da aka shirya ya fi sauƙi a kan neman ɗakuna ga mutum goma sha huɗu da tsakar dare.

Masunta a wannan gaɓa suna da sunan kowace iska. Biyu ne suka shafi matafiyi: bura, mai sanyi da ke gangarowa daga arewa maso gabas da ƙarfi, da jugo, mai ɗumi da laima daga kudu maso gabas, wadda ke tayar da manyan igiyoyin ruwa kuma takan zo da ruwan sama. Kowace daga cikinsu na iya jinkirta jirgi. Wannan ya sa bai kamata a sa wasa a ranar isowa ba, kuma bai kamata a dogara da jirgin ruwa na ƙarshe don kama jirgin sama na komawa ba. Tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na kwana biyar: Alhamis tafiya, Juma'a hutu da ɗan atisaye, Asabar da Lahadi wasa, Litinin komawa. Juma'ar nan ita ce ranar ajiya. Idan hasashen yanayi ya nuna ruwa ranar Lahadi, ana iya roƙon masu gida a matso da wasa.

Mataki na biyar: masauki da sufuri a tsibiri

Otal-otal kaɗan ne, don haka yawancin ƙungiyoyi sukan kama gidajen haya biyu ko uku kusa da juna. Garin Vis ya fi dacewa saboda a nan jirgi ke tsayawa. Masu gidajen ne ke yi wa baƙi rajista da hukuma, kuma za su nemi fasfon kowa, akwai kuma ɗan harajin kwana da ake biya. Filin wasa yana cikin tsibiri, nesa da gari da 'yan kilomitoci a kan hanya mai hawa da kwana, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai ɗauke da jaka. Lasisin tuƙi na yau da kullum yana ba da damar tuƙa motar da ba ta wuce kujeru tara ba har da direba, don haka mutum 14 suna buƙatar biyu. Ana tuƙi ne a hannun dama, saɓanin Ingila. Sau da yawa ya fi sauƙi a roƙi masu gida su haɗa ƙungiya da direban gari da zai kai ta ya dawo da ita.

Mataki na shida: kaya

Ba a barin sandar bugu ta shiga cikin jirgin sama a hannu, sai dai a jakar da ake aunawa. Tunda kowace jaka kuɗi ce, babu dalilin da zai sa kowa ya ɗauko cikakken kayansa. Jakunkunan gamayya uku sun isa: sanduna biyar ko shida, kariyar ƙafa huɗu har da ta mai bugu da hagu idan akwai shi, safar hannu, hulunan kwano uku, da kayan mai tsaron turaku. Kada a zuba sanduna duka a jaka guda, domin idan ita ce ta ɓata a hanya, babu shagon kayan kurket a tsibirin. Fararen tufafin wasa da takalmi kuwa kowa ya sa nasa a jakar hannu.

Takalmin yana buƙatar kulawa. Tsakiyar filin Vis, wato tsirin nan mai tsawon yadi 22 da ake jifa a kansa, shimfiɗar roba ce, kamar yadda yake a yawancin filayen kudancin Turai, kuma takalmi mai ƙusoshin ƙarfe yana yaga ta. A zo da mai tafin roba. Irin wannan shimfiɗa tana sa ƙwallo ya yi tsalle fiye da yadda aka saba a kan ciyawa mai laima, tana kuma saurin cinye fatarsa, don haka a zo da sababbin ƙwallaye aƙalla shida, a yi atisaye sau biyu ko uku a kan shimfiɗar roba kafin a baro gida. A haɗa da littafin maki, akwatin taimakon gaggawa da man kariya daga rana.

Mataki na bakwai: lafiya da abinci

Ƙwallon kurket na maza nauyinsa kusan giram 160 ne, mai tauri kamar dutse, yana karya yatsa yana fasa goshi. A tsibirin akwai ƙaramar cibiyar lafiya, amma babban rauni sai an kai mutum Split. Kowa ya yi inshorar tafiya, ya kuma karanta ya tabbatar ta ƙunshi wasan kurket. Katin GHIC, wato katin lafiya da ake ba mazauna Birtaniya don tafiya waje, yana taimakawa a asibitin gwamnati, amma ba ya biyan kuɗin mayar da mara lafiya gida. Lambar gaggawa ita ce 112. Duk ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba dole ya sa hular kwano yayin bugu, ya kuma zo da izinin iyaye a rubuce.

Masu gida sukan shirya liyafa bayan wasa, galibi peka, wato nama ko oktofas (wata halittar teku mai hannaye takwas) da dankali da ake rufewa da murfin ƙarfe a binne da garwashi na tsawon sa'o'i, shi ya sa ake buƙatar sanin adadin masu ci tun kwana guda kafin lokaci. Vis tsibirin inabi ne, giya da busasshen naman alade suna cikin abin da ake tarbar baƙo da shi. Jagora ya sanar tun da wuri yawan Musulmi da masu ƙin nama a tawagar. Kifi yana da yawa, kuma mai masaukin da aka gaya wa da wuri ba zai ji kunya a gaban baƙonsa ba.

Ranar wasa

A isa fili sa'a guda kafin lokaci, a sa hannu wajen jera alamun iyaka da kafa turaku da ɗaukar kujeru, domin babu ma'aikacin da ake biya ya yi wannan. Kyaftin biyu su zauna su daidaita sharuɗɗa kafin a jefa kwabon da ke nuna wanda zai zaɓi fara bugu ko jifa. A kurket ana ƙirga jifa shida a matsayin zagaye ɗaya, kuma zagaye 30 ko 35 ga kowane ɓangare ya wadatar a rana mai zafi, tare da hutun shan ruwa a tsakiya. A kuma yarda a kan abin da za a yi idan ƙwallo ya faɗa gonar inabi: minti nawa za a nema kafin a ɗauko wani, kuma a nema a hankali, tunda abincin wani ne ke rataye a jikin kurangar.

Dokokin kurket, waɗanda ƙungiyar MCC ta Landan ke kula da su, sun yarda ɓangarori biyu su amince a buga da fiye ko ƙasa da mutum goma sha ɗaya, muddin waɗanda ke tsaron fili a lokaci guda ba su wuce goma sha ɗaya ba. Wannan sassauci yana da amfani ƙwarai a rangadi. Idan masu gida sun zo su tara, a ara musu biyu, kuma a ba su na kirki, kada a tura musu waɗanda ake neman hanyar ajiyewa. Idan ƙarfi bai zo ɗaya ba, a yarda cewa duk wanda ya ci maki 30 ko 50 zai fita ya ba wani wuri, kowane mai jifa kuma kada ya wuce zagaye biyar ko shida. Kyaftin da ya bar gwaninsa ya yi ta jifa mai sauri a kan yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya fara koyo bara zai ci wasan cikin sa'a guda, ya bar mutum ashirin da biyu da dogon yini babu abin yi, kuma da wuya a amsa wasiƙarsa ta baɗi.

A wurin liyafa kyaftin ya yi gajeren jawabin godiya, ya miƙa tambarin ƙungiya ko hula ko riga. Kyautar da ta fi waɗannan amfani ita ce kayan wasa: ƙwallayen da suka rage, sanda ɗaya ko biyu, da ƙananan safar hannu da kariyar ƙafa na yara, domin duk abin da ƙungiyar tsibiri ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi.

Komawa

A biya masu gida da masu masauki duk abin da ake bin ƙungiya tun daren Lahadi. Jirgin farko daga Vis yakan tashi da sassafe, kuma shi ya kamata a hau idan jirgin sama na ranar ne, don haka a haɗa jakunkunan gamayya kafin a kwanta, a ƙirga mutane a bakin tasha minti talatin kafin tashi. Cikin mako biyu da dawowa ma'aji ya aika wa kowa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe, ya mayar da ragowar kuɗin ɓacin rana. Jagora kuma ya aika wa masu gida wasiƙar godiya da hotuna da kwafin shafin maki, idan ƙungiya tana son komawa ya nemi ranakun baɗi a cikin wasiƙar.